Fanuel Mlalazi a Barandar Jirgin Alhamis

Duk wanda ya ce ƙauyenmu na Zikhuni bai taɓa haifar babban mutum ba, to bai san Fanuel Mlalazi ba, kuma laifin nasa ne, domin Fanuel bai taɓa ɓoye wa kowa girmansa ba. Shi ne mai mahautar da ke bakin tasha, shi ne mai injin niƙa, shi ne kuma mutum na farko a yankinmu da ya sa aka rubuta sunansa a ƙofar makewayinsa, don kada baƙo ya zaci na wani ne. Yana da tawali'u ƙwarai. Ya sha faɗa mana haka da bakinsa. Idan ya gaishe ka, yakan ɗan dakata bayan gaisuwar, ya ba ka damar yin godiya.

Abu ɗaya ne duniya ta hana wannan bawan Allah, wato shugabancin kwamitin ramin wankan shanu. Muƙamin ba shi da albashi. Abin da ke cikinsa shi ne makullin ɗakin maganin kaska, da usur, da ikon faɗin shanun wa za su fara faɗawa ramin ranar Talata. Amma a Zikhuni mai riƙe da usur ɗin nan shi ake fara miƙa wa kujera a wurin biki da wurin makoki, kuma shekara shida ke nan Lameck Tshuma ne ke riƙe da shi. Lameck ba shi da wata baiwa sai guda ɗaya: ya taɓa hawa jirgin sama daga Bulawayo zuwa Harare, tafiyar minti arba'in, kuma tun daga ranar ake yi masa kallon wanda ya san duniya.

Fanuel ya yi wa wannan matsala dogon nazari, ya gano inda rauninta yake.

"Wa ya gan shi?" in ji shi, a ƙofar mahauta. "Mutum ya shige cikin gajimare ya fito ya ce ya yi tafiya. Ina shaida? Ni idan zan yi tafiya, a gaban idonku zan yi ta."

Jirgin Alhamis yake nufi. Shi ne jirgin ƙasan masu hutu da ke wucewa ta bayan gidajenmu da ƙarfe huɗu na yamma, a hankali, domin layin dogon shi ne iyakarmu da gandun dajin Hwange, kuma mutanen da ke ciki sun biya kuɗi mai yawa don su kalli dabbobin da mu muke kora da gwangwani. A taragon ƙarshe akwai baranda a buɗe. Jirgin ba ya tsayawa a tasharmu, ba ya kuma ɗaukar kowa a hanya. Wanda zai hau shi, sai ya je Pretoria. Saboda haka Fanuel ya sayar da shanu shida daga cikin tara da yake da su, don ya cancanci shugabancin masu shanu.

Matarsa MaNyathi, wadda ta yi shekara ashirin da biyu tana kora shanun gidan zuwa rami kowace Talata yayin da shi yake kula da aikin daga inuwa, ta tsaya tana kallonsa yana goge takalmi.

"Baban Nomsa, kwana biyu za ka yi a bas zuwa wata ƙasa, don ka zo ka wuce ta bayan madafata?"

"Ba wucewa zan yi ba. Bayyana zan yi."

"To ka bayyana da wuri. Ranar Asabar ne zaɓe."

Ba a taɓa shirya tafiya da tsanaki irin wannan ba. Ya auna da agogo, ya gano cewa jirgin yana ɗaukar daƙiƙa arba'in kafin ya ratsa Zikhuni. Ya hau kan amalanke a bayan gida ya yi ta gwada ɗaga hannu, har ya samu irin ɗagawar da ke nuna ƙauna ba tare da ta jawo raini ba. Ya tsara jawabi mai tsawon daƙiƙa goma. Ya kuma sanar cewa duk wanda ya fito bakin layi ranar Alhamis, yana da kason hanta da tumbi a mahauta. Tun kafin ya hau bas aka fara kiransa Na-Baranda, shi kuwa ya karɓi sunan a matsayin sarauta.

Abin da ya faru a cikin jirgin daga bakin Sithabile na ji shi, tsohuwar ɗalibata, wadda yanzu take hidima a taragon cin abinci. Ta ce tun safiyar farko Na-Baranda ya kama tsakiyar barandar ya ƙi sakinta, don kada wani ya riga shi ranar Alhamis. Can ake kai masa abinci. Baƙar kwat da laktayen da ake sawa don cin abincin yamma, shi tun hantsi yake saka su. Jirgi ya ratsa kukokin kwarin Limpopo, ya haye gada, ya bi ta cikin duwatsun da ke ɗaure wa junansu gindi kamar an jera su da hannu, duk bai ba su ko kallo ɗaya ba. Bai biya don ya gani ba.

Duk da haka bai hana sauran fasinjoji amfana da iliminsa ba. Wata tsohuwa 'yar ƙasar Norway, mai madubin hangen nesa rataye a wuya, ta hango raƙuman dawa biyu ta dafe ƙirji.

"Waɗannan na bakin hanya ne, uwargida," in ji shi. "Ki bari mu shiga yankina. Nawa sun fi tsawo."

Da aka fara ganin giwaye, kowa ya shiga ɗaukar hoto, sai ya gyara murya. "Na san su duka. Waccan mai karyayyen haure ta cinye mini masara bara. Na ƙyale ta ne saboda na san ina da baƙi suna tafe. Kuma ina roƙonku kada ku firgita idan mun isa Zikhuni. Jama'ata sukan fito duk lokacin da na wuce. Na hana su, sun ƙi."

Ranar Alhamis kuwa jama'a sun fito, domin hanta ba ta cika samuwa kyauta ba. Da ƙarfe huɗu da 'yan mintuna jirgin ya ɓullo. Taragai suka riƙa wucewa ɗaya bayan ɗaya, har na ƙarshe ya iso, ga Fanuel Mlalazi a tsakiyar baranda, cikin kwat, hannu a sama daidai yadda ya gwada.

"Jama'ar Zikhuni," in ji shi, "na gan ku. Ku ci gaba da haƙuri."

Sai jirgin ya tsaya.

Dalilin shi ne Sufeto, wani tsohon toron giwa da muka ba wannan suna saboda babu gonar da bai duba ba. Ya tsaya a kan layi taku ɗari biyu gaban injin yana sassaƙar wata bishiya, direba kuwa ba ya gaggauta giwa, tunda ita aka zo kallo. Haka barandar ta tsaya cak a gaban mahautar mai barandar.

Daƙiƙa arba'in suka wuce. Fanuel ya sake jawabin. Ya sake shi a karo na uku, ya ƙara masa "ƙwarai da gaske". Ya sauya hannu. Bayan rubu'in sa'a mata suka aika aka ɗauko kujeru, muka zazzauna muna kallon fasinjojin da suka leƙo ta tagogi.

"Kin ga wancan mai jan wuya? Shi ne namijin," in ji wata ga ta kusa da ita.

"Yi a hankali, kada ki firgita shi ya koma ciki."

"Me suke ci ne?"

"Ɗan mitsi-mitsi, sau shida a rana. Shi ya sa ba sa iya tafiya da ƙafa."

MaNyathi ta matso har gindin barandar. "Baban Nomsa, tunda ga ka, miƙo makullin injin niƙa. Ka tafi da shi a aljihu, kwana shida gari ba gari."

Ya amsa yana kallon saman kanta. "Uwargida, daga nesa ake gaida fasinja."

"Wace nesa? Ina jin warin man da ka shafa."

A nan ne mai unguwa Sibindi, wanda ya yi shekaru yana kiran taro ba ya samun rabin jama'a, ya dubi taron ya ga babu wanda ya rage a gida. Ya buga sandarsa ya ce tunda kowa yana nan, har da 'yan takara biyu, a yi zaɓen yanzu, ranar Asabar kowa ya tafi noma. Zaɓenmu ba ya buƙatar takarda. Ɗan takara yakan tsaya, masu sonsa su yi layi a bayansa, mai unguwa ya bi yana taɓa kafaɗu da sanda. Sharaɗi ɗaya ne: ɗan takarar da ya waiwaya don ya ga wa ya bi shi wa ya ƙi, ya faɗi.

Lameck ya tsaya a gindin bishiya, mutanensa suka jeru.

"Mlalazi, sauko," in ji mai unguwa.

Sithabile ta zo za ta sauke masa matakala, ya dakatar da ita da tafin hannu.

"Ya ku jama'a, ku fahimci matsayina. Ni a yanzu ina tsakanin Pretoria da Victoria Falls. Zikhuni ba ta cikin takardar tafiyata. Idan na taka ƙasar nan, na zama mutumin da ya dawo gida, kuma kowane talaka yana iya dawowa gida. Layi kuke so? Ga layina." Ya nuna fasinjojin da suka cunkushe a bayansa da na'urorin hoto. "Ƙirga su, mai unguwa. Daga ƙasashe tara suka zo."

Mai unguwa mutum ne mai bin ƙa'ida. Ya sa Sithabile ta tambaye su ko akwai mai katin shaidar mallakar shanu. Tsohuwar nan ta Norway ta ce tana da kyanwa.

"Kyanwa ba ta shiga rami," in ji mai unguwa. "Mlalazi, in ba za ka sauko ba, juya mana baya, mutanenka su tsaya a kan layin dogo."

Fanuel ya juya. Ya tarar da hotonsa a gilashin ƙofar tarago, abin da ya sauƙaƙa masa tsayuwar ƙwarai. MaNyathi ta tsaya a farko, domin babu yadda za ta yi. Masu jiran hanta suka bi bayanta, layi ya miƙe tsakanin ƙarafunan dogo har ya wuce injin niƙa. Wajibi ne in faɗi gaskiya a nan: layinsa ya fi na Lameck tsawo, kuma kowa ya ga haka. Shanu shida sun yi aikinsu. Abin da ya rage masa kawai shi ne ya ci gaba da kasancewa a inda yake.

Mai unguwa ya fara da layin Lameck, a matsayinsa na mai riƙe da usur, yana tafiya irin ta mai shekara tamanin. Ya samu talatin da uku. A daidai lokacin Sufeto ya gama da bishiyarsa, ya sauka daga layi ya nufi daji.

Jirgin masu hutu ba ya fizga idan zai tashi; an gina shi ne don kada shayi ya zube. Muka ga barandar tana janyewa a hankali, da faffaɗan bayan kwat a tsakiyarta. Babu wanda ya kira shi, don kada ya waiwaya a ce mu muka kayar da shi. Babu kuma wanda ya bar layi, don kada hantarsa ta tafi.

Mai unguwa ya iso, ya fara daga ƙarshe yana taɓa kafaɗu har ya zo gaba.

"Arba'in. Wa kuke bayansa?"

Na biyu a layi ya leƙa gaba. "MaNyathi ce, baba."

"Ba ta tsaya takara ba," in ji Lameck.

Mai unguwa ya ce, "Ga ta a tsaye, ga mutum arba'in a layinta. Kai nawa ne naka? Ba ta usur."

MaNyathi ta karɓa, ta goge shi da gefen zaninta. "Ranar Talata kowa ya zo da wuri. Ba na jiran kowa."

Sithabile ta ce Na-Baranda ya lura jirgi yana tafiya, amma tunda ba a ce masa an gama ƙirga ba, bai waiwaya ba. Haka ya tsaya yana fuskantar gilashi har tasha ta gaba, garken ɓauna da jakunan dawa suna wucewa ta gefensa. Daga nan ya shiga taragon cin abinci a karo na farko, ya sanar da fasinjoji cewa jama'a sun tilasta masa mulki, suka ɗaga masa kofuna cikin harsuna tara.

Ya dawo ranar Litinin a bas, da buhunan masara a kan cinyarsa. Ranar Talata ya iso rami a makare, yana kora shanunsa uku da kansa, domin shugaba ba ta kora shanu. Shugaba ta dube shi, ta busa usur, ta nuna masa ƙarshen layi da baki. Ya tsaya a rana har azahar, a bayan shanun Lameck. Daga baya ya bayyana mana cewa shi ya nemi a yi haka, domin a duk ƙasashen da ya ratsa, babban baƙo a ƙarshe yake shigowa.