Gorunan Kwaɗi da Sunan Zalɓe

A wani daji mai yawan tafkuna, inda dabbobi suka daɗe da daina cin juna a bainar jama'a, kowace ƙabila tana da rumbunta na ajiyar murya. Idan aka sami waƙa ko labarin da ba a so ya ɓace, sai a rera shi a bakin gora, a yi maza a liƙe da danƙo. Mai son ji kunne yake karawa a jikin gorar. Ba a fasa danƙon, domin murya idan ta fita ba ta komawa.

Mai kula da rumbun kwaɗi wani tsoho ne, Anaruwa, mai faɗin baki da taurin kai. Gorunansa cike suke da waƙoƙin damina na kwaɗin da suka riga mu gidan gaskiya, kuma a cikin ɗaya akwai muryar matarsa Ladingo, can a tsakiyar amshi, inda shi kaɗai yake iya tsinto ta.

Ana nan sai majalisar daji, ƙarƙashin Gauraka, ta lura da wata wahala ta gaske. Zomo kan yi doguwar tafiya neman labari a rumbun ɓauna, ya tarar da wari suke jera gorunansu. Tsuntsaye da launi suke jerawa, ɓeraye kuwa ko su kansu ba su san da me ba. Sai aka yanke a tattara komai a babban rumbu a gindin kuka, Tautau gwanin saƙa ya bi dajin da zare, yadda duk inda kake, ka ja, gorar da kake nema ta zo maka. Abin da ya shiga babban rumbu kuwa ba ya sake komawa gidan masu shi. Shawarar ba ta da laifi, kuma Anaruwa ya fi kowa murna. Ya daɗe yana takaicin yadda ake kiran waƙarsu hayaniya, ga shi yau daji zai saurara. Har godiya ya yi wa Zalɓe da ya taimaka da jigilar gorunan, wanda a tarihin kwaɗi ba ƙaramin abu ba ne.

Matsala ta ɓullo ranar ɗaure zare. Tautau ya yi bayani cikin ladabi cewa kowace gora sai an yi mata ƙulli a wuya mai ɗauke da sunan mai ita, domin ƙullin ne zare yake kamawa, kuma wurin mai sunan ake neman izinin saurare. Ya tambayi Anaruwa wa ya yi waƙoƙin. Anaruwa ya ce tafki ne ya yi. Tautau ya ce tafki ba suna ba ne, wuri ne, kuma wuri yana da nasa ƙullin daban. Anaruwa ya ce to a sa dukkan kwaɗi. Tautau ya girgiza ƙafafunsa ya ce saƙar ba ta ɗaukar “dukka”, suna ɗaya take ɗauka, ba ta kuma ɗaukar wuya babu ƙulli. Gorar da ba ta kama zare ba kafin ruwan farko, wurin tarkace ake kai ta. Wurin tarkacen nan kuwa, bisa tsari mai kyau, a jikin shurin gara aka yi shi.

Aka kai maganar gaban majalisa. Zalɓe ya miƙe, ya gyara dogon wuyansa, ya yi magana da muryar mai yin alheri.

“Ranka ya daɗe, ba na son abin ’yan’uwanmu ya salwanta. Kowa ya san shekarun da na kwashe a tsaye cikin tafkin nan, sau da yawa a kan ƙafa ɗaya, ina nazarin kwaɗi. Babu wanda ya san cikinsu kamar ni. Ni na ɗauko gorunan, ni na fara sanar da daji darajarsu. In babu mai suna, na ba da aron nawa, ba don kaina ba. Duk ɗan kwaɗon da yake son jin waƙar kakanninsa, ya zo gabana kawai ya tambaya. Ƙofata a buɗe take.”

Aka yi ta gyaɗa kai. Ba wanda ya ga dacewar tambayar ina kwaɗin da aka yi nazarinsu suke yanzu.

Gauraka ba mugu ba ne, yana dai son a tashi taro da wuri. Ya sunkuyo da tukkunsa ya ce wa Anaruwa a hankali ai abin da sauƙi, ya sa nasa sunan mana, tunda shi ne babba, kowa ya huta. Gaskiya maganar ta shiga ran tsohon. Ya hango sunansa a wuyan kowace gora, ya hango muryar Ladingo ta tsira daga gara da Zalɓe gaba ɗaya, da ƙarya guda ɗaya tak wadda ba mai kama shi a kanta. Sai kuma ya hango kwaɗin tsallaken tafki, waɗanda su ne masu amshi, suna zuwa ƙofar jikokinsa roƙon abin da bakinsu ya yi. Kunya ta kama shi, daga baya fushi ya zo ya kore ta.

“Allah ya ja zamaninka,” in ji shi, “ban yi waƙar nan ba. Wani ya ɗaga ta a gaɓar gabas, wasu suka amsa a yamma, ruwan sama ya ba da kiɗa, waɗanda suka fara ta sun mutu kafin a haifi waɗanda suka ƙarasa ta. Mun kawo muku ita don ku ji. Kun ce saƙarku ba ta da wurin gaskiyarmu, maimakon a ƙara wa saƙa zare, sai mu a rage mu. Ba zan sa sunana ba, domin sata ce. Ba kuma zan tura talibamban gaban bakin Zalɓe neman izini ba. Tautau, kai ka saƙa abin nan da ƙafafunka, kana iya kwance ƙulli guda.”

Tautau ya ce yana iyawa, amma in ya yi wa kwaɗi, gobe ƙudan zuma za su zo, jibi tururuwa, kuma an riga an yi bikin buɗewa. Majalisa ta ga hujjar tana da ƙarfi. Aka zartar cewa da safe za a ɗaura sunan Zalɓe, aka kuma yaba masa a kan sadaukarwa.

Anaruwa ya nemi alfarma ɗaya, a bar kwaɗi su yi bankwana da gorunansu kafin a watse. Gauraka ya yarda, don a ganinsa wannan ba ya cin lokaci.

Kwaɗi suka shigo, na gabas da na yamma, har ƙananan da wutsiyarsu ba ta gama faɗuwa ba, suka cika gindin kukar. Tsohon ya ce musu kowa ya buɗe kunne, abin da za su ji ba za a maimaita ba. Ya ɗauki gorar farko ya fasa danƙon. Muryoyin matattu suka tashi suka cika wurin, masu rai suka cafe suka amsa. Kafin ’yan majalisa su gama duban juna ya fasa ta biyu. Gauraka ya nemi a hana shi, aka duba aka ga dokar ta hana mai da gora gida ne, ba ta ce komai a kan abin da ke ciki ba.

Da Anaruwa ya zo kan gorar Ladingo sai hannunsa ya tsaya. Ya san daga yau ba inda zai sake kara kunne ya same ta. Ya rungume gorar ɗan lokaci, sa'an nan ya fasa. Ya ji ta sarai, siririya, tana ɗan riga sauran shiga amshi kamar yadda ta saba, kuma a bayansa wasu ’yan mata suka ɗauka har da kuskuren. Ya yi kuka bai ɓoye ba. Da aka gama ya jera gorunan tsaf, ya mai da danƙonsu, ya ce wa Zalɓe ga kayansa nan. Kwaɗi suka juya tafki suna waƙa, ba wanda ya nemi izinin kowa.

Washegari aka ɗaura ƙullin kamar yadda aka zartar, zare ya kama ba gardama. Masu bincike daga ko'ina cikin dajin suna ja, gora ta zo, su duba wuyanta, su jinjina wa ƙwazon Zalɓe, su mayar. Tautau yana yawan kafa misali da su a taro, ya ce a duk saƙarsa ba gorunan da suka fi su saurin zuwa, don ba su da nauyi. Har yanzu dai ba a sami wanda ya kawo ƙorafi ba.