Ranar da na lashi atamfa

Ni da bakina na ce wa matan Zongo su bar mini zancen ankon bikin jam'iyya, wai atamfa ba ta yi mini ƙarya. A littafin tallan Turai na ga wata shuɗiya, an rubuta garanti, ba ta zuba ko a teku aka jiƙa ta. Na yi oda.

Da dilar ta iso, Hajiya Ladi, shugabar matan, ta murza gefe ta ce, "Alhaji, a jiƙa ƙyalle mu gani mana."

Na ce, "Hajiya, mu da muka gaji sana'ar nan, da harshe muke ganewa." Na lasa, na lumshe ido, na sake lasa. "Ta Holan ce zalla!"

Sai kowacce ta ja mayafi ta toshe baki. Na ɗauka kwarjinina ne, na ƙara bayani, na wuce masallaci ina taƙama. Bayan sallama liman ya leƙo fuskata ya ce, "Subhanallahi! Alhaji, wa ya rina maka baki har gemu?"

Har yau in na yaba wani abu, ko tuwon gidana ne, sai an ce, "Alhaji, fito da harshen mu gani."