Saƙon Malam Ɗantsoho a Lasifika

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar walimar saukar karatu ta Islamiyyar unguwarmu, nan Mile One a Fatakwal. Har yau in na wuce ta gaban makarantar sai na ji ƙafata ta ƙara sauri ba da izinina ba.

Bari in fara gaya muku ko ni wane ne, don ku san daga inda na faɗo. Ina da 'yar rumfa ta gyaran waya da caji kusa da layin mahauta, kuma sunan da kowa ya san ni da shi Injiniya (ban taɓa leƙa ƙofar jami'a ba, amma tunda na iya canja gilashin waya ban ga dalilin musawa ba). Sana'ar ba ta da laifi, bakina ne matsalar. Na kalli bidiyon likitoci a waya har na fara jin kamar ni ma ina da allura a aljihu. Mahauci zai zo karɓar wayarsa ya ce kansa na sarawa, kafin ya rufe baki na ce hawan jini ne, ya rage gishiri da kitse. Mutumin da ya kwana yana sauke shanu daga tirela, ni da na kwana a kan katifa ni ke koya masa yadda ake hutawa.

Wanda ya fi kowa shan bakina shi ne Malam Ɗantsoho, wani dattijo mai maganin gargajiya da ke kasa saiwoyi da sassaƙe a bakin tashar Mile 3. Mutumin nan bai taɓa yi mini komai ba. Amma duk wanda na gani da ƙullin maganinsa sai na yi masa huɗuba. "A zamanin da ake duba cikin mutum da na'ura, kai kana jiƙa itace a gora? Ku riƙa zuwa asibiti, jama'a!" Haka nake faɗa da ƙarfi, don na layin baya ma su amfana.

To, laifi tudu ne. Zama a kan benci tun safe har magariba, ga tsire da yaji kullum, ga ƙin shan ruwa, sai basir ya kama ni (ku yi haƙuri, na nemi wata kalma mai ɗan mutunci na rasa). Na je asibiti kuwa, har bakin ƙofa. A nan na tuna cewa sai an ce in kwanta a duba, kuma wataƙila likitar mace ce. Na tsaya na karanta allon ƙofar kamar mai neman wani, sannan na juya na tare keke. Ban zame ko'ina ba sai Mile 3, na ja hula har gira, na laɓe bayan wata motar albasa sai da masu saye suka watse.

Malam Ɗantsoho ya ɗago ya dube ni, ko murmushi bai yi ba. "Injiniya, yau kai ne a ofishinmu? Bismilla, zauna. Ko zaman ne ba ya yiwuwa?"

Ya haɗa mini na sha da na zama cikin ruwan ɗumi. Na roƙe shi don girman Allah ya rufa mini asiri, ya ce rufin asiri shi ne rabin sana'arsa. Muka karɓi lambar juna. Shi ba ya rubutu, saƙon murya yake turowa, mai tsawo, da sallama a farko da addu'a a ƙarshe.

Dalilin wannan ɓoyo kuwa ba girman kai kaɗai ba ne. A lokacin ina neman auren Rukayya, 'yar Alhaji Sale dillalin shanu. Magabatana sun riga sun gabatar da ni, Alhaji ya ce a ba shi lokaci ya yi bincike. Shi kuwa Alhaji Sale mutum ne mai kwarjini, wanda in ya ratso kasuwa har masu musun ƙwallo suke rage murya. Asali, sana'a, salla, lafiya, babu wanda ba ya tambaya a kai. Kun kuma san mutanenmu, suna ɗora wa basir laifuffukan da bai ji ba bai gani ba, musamman a kan saurayi mai shirin aure. Na san in zancen ya kai kunnensa, Rukayya ta fi ƙarfina. Ni kuma ina son yarinyar nan, so na gaske, ba na wasa ba.

Da aka sa ranar walima, Rukayya tana cikin masu sauka, mahaifinta kuma shi ne uban taro. Na ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Na je na sami shugaban makaranta na ce a bar mini harkar lasifika kyauta. Na aro wata ƙatuwa mai taya, irin mai batir a ciki, na haɗa ta da wayata ta bulutut don in saka karatu kafin a buɗe taro. Na ɗinka farar shadda. Da safen ranar, saboda ina so in zauna daram a gaban suruki ba tare da mutsu-mutsu ba, sai na ninka maganin da aka ce in sha. Wannan shawara ni na ba kaina, ban nemi ta kowa ba.

Ana yayyafi irin na Fatakwal wanda ba ya tafiya ba ya tsayawa. An kafa rumfuna a filin makaranta, maza gefe mata gefe, babu wuta, janareta na ta ruri a bayan ajujuwa. Komai ya tafi daidai. Karatu na fita tas, har na hango Alhaji ya dubi lasifikar ya dube ni ya gyaɗa kai. Ban gama jin daɗin wannan gyaɗa kan ba cikina ya yi wani irin juyi, sannan ya shiga ƙugi. Na sunkuya na tura wa Malam Ɗantsoho saƙo cikin raɗa, na ce Malam cikina na murɗawa, ko ƙa'idar maganin ce?

Amsarsa ta shigo daidai lokacin da aka kira uban taro ya yi jawabi. Na tsayar da karatun, na miƙa wa Alhaji makirfo da hannu biyu har da rusunawa, na sulale bayan ajujuwa kusa da janareta, inda na tabbata babu mai ji na. Na danna saƙon na kara a kunne. Shiru. Na ce wannan ƙarar janareta ce, na ƙure murya har ƙarshe. Har yanzu shiru. Na yi tsaki, na ce tsohon nan ko magana ma bai iya yi wa waya ba, na mayar da saƙon farko na sake dannawa.

A daidai nan aka kawo wuta, wani ya zo ya kashe janareta. Wurin ya yi tsit. Sai na ji muryar Malam Ɗantsoho, ba daga wayata ba, daga can gaban fili, tana amsa kuwwa har bangon masallaci.

"Salamu alaikum, Injiniya. Na ji saƙonka. Wato juyin cikin nan, ai kofi guda na ce maka, na san kai ka je ka ƙara. Basir ba ya son gaggawa."

Jama'a, ni ne Injiniya, ni na haɗa bulutut ɗin da hannuna, ni ne kuma na manta ban cire ba. Na shiga danna waya, amma yayyafi ya jiƙa gilashin, yatsana sai santsi yake yi. Malam kuwa bai san ana yi ba, ya ci gaba cikin natsuwa.

"Yau ka nemi banɗaki kusa, kada ka yi nisa da shi. Na zaman kuma ka ci gaba safe da yamma, amma ka riƙa taɓa ruwan da hannu tukuna, kada ka sake ƙona kanka irin na rannan. Batun aure kuwa ka kwantar da hankalinka, ban faɗa wa kowa ba. Kuma ko Alhaji Sale ya ji ba zai ce komai ba, ai shi ma a wurina yake karɓa. Nasa ma ya girmi naka nesa ba kusa ba. Allah ya ba mu lafiya baki ɗaya."

Abin takaicin, wasu tsofaffi a sahun gaba sai da suka ce amin. (Daga baya aka ba ni labari cewa a karon farko, da Malam ya yi sallama, duk taron ne ya amsa, an ɗauka wani babban baƙo ne ya aiko da saƙon taya murna. Wato sau biyu suka saurara, na biyun da murya a ƙure.)

Na leƙo ta gefen bango. Alhaji Sale na tsaye da makirfo a hannu, bakinsa a ɗan buɗe, idonsa a kan lasifikar. Shiru kake ji, wai malam ya ci shirwa. Can sai wata dariya ta kuɓuce daga rumfar mata, aka yi ƙoƙarin danne ta da mayafi, ta ƙi dannuwa, ta tsallako rumfar maza. Mutumin da muka yi hayar kujeru a wurinsa, wani Ibo da ba ya jin Hausa, ya matso ya taɓa ni, ya tambaye ni da broka me mutumin ya ce har kowa ke dariya.

"Oga Injiniya, wetin the man talk wey everybody dey laugh?"

Na ce, "Na prayer," wato addu'a ce.

Ya ɗaga hannu sama ya ce, "Amen o!"

Da a nan abin ya tsaya da na gode Allah. Amma ciki bai san kunya ba, kuma banɗakin makarantar yana ɗaya gefen filin ne. Haka na ratsa ta gaban rumfuna biyu da farar shaddata, ba gudu ba, ba tafiya ba, kowa ya san inda na nufa da dalilin zuwan. Ina ji Bala mahauci, wanda na fi damunsa da huɗubar gishiri, ya ɗaga murya daga baya: "Injiniya, an ce kada ka yi nisa da shi!"

Sai da na yi kwanaki ban buɗe rumfa ba. Ran da na buɗe, na tarar mahauta sun ajiye mini matashi a kan bencina, an ɗaure shi da igiya don kada a sace. Malam Ɗantsoho kuwa kasuwa ta buɗe masa. Mutane suka ce maganin da Injiniya da Alhaji suke sha a ɓoye ai ba ƙaramin magani ba ne. Shekara da shekaru ina kushe mutumin nan, na tashi na yi masa tallar da ko gidan rediyo ba zai yi masa ba. Ita Rukayya saƙo ɗaya ta turo mini, a rubuce: "Abeg kada ka kira ni yanzu, in na ji muryarka dariya zan yi." Ban san ko in yi murna ko in yi kuka ba, domin a raina na riga na haƙura da ita.

Ran nan bayan la'asar aka ce Alhaji na kira na. Na tashi na tafi. Na same shi a falo shi kaɗai, na durƙusa na gaishe shi, ya amsa, ya tambayi aiki, ya tambayi mutanen gida a arewa, babu abin da ya tsallake. Sannan ya dube ni, ni kuma ina kallon tabarma.

"Injiniya."

"Na'am, Baba."

"Shekara talatin ina garin nan, ko iyalina ba su san ina zuwa Mile 3 ba sai don shanu."

"Baba, don Allah a yafe mini. Wallahi kuskure ne."

"Na san kuskure ne. Wa zai yi wa kansa haka da gangan?" Ya gyara zama a hankali, irin gyaran da ni kaɗai na san ma'anarsa. "Na ce zan yi bincike a kanka, to an gama mini shi a bainar jama'a, har an haɗa da nawa. Yanzu in na hana ka yarinyar nan, duk Mile One za su ce saboda ciwon ne. Ni kuma da wane bakin zan ce haka?"

Ban ɗago ba. Sai na ji wani sauti, na saci kallo, ashe Alhaji Sale ne yake dariya, kafaɗunsa na girgiza, yana share ido da gefen babbar riga. Tunda nake ban taɓa ganin haƙoransa ba sai ranar.

"Ka ce wa magabatanka su zo a sa rana," in ji shi. "Kuma uwar ɗiyar ta ce gobe da safe asibiti, ni da kai, ba ta son jin wani zancen jiƙo. Ka zo da wuri. In likita ya tambaya, kai za ka fara shiga."

Haka kuwa aka yi, ni na fara shiga. Yanzu Rukayya tana ɗakina, kuma duk ran da na fara yi wa wani huɗubar lafiya sai ta yi gyaran murya ta ce, "Salamu alaikum, Injiniya," sai in ja bakina in yi shiru. Darasin da na ɗauka bai da yawa: in kana da abin da ba ka so a ji, kada ka roƙi a ba ka riƙon lasifikar jama'a. In kuma tsautsayi ya sa asirinka zai tonu, to ka yi addu'a ya tonu tare da na wanda ya fi ka girma.