Yadda Ake Sallamar 'Yar Rediyo Ba Ta Ji Labarin Rufin Makaranta Ba

Ya kai ɗan'uwana hedimasta, idan labari ya iso maka cewa masu shirin binciken nan na rediyo, waɗanda suke bin ƙauyuka da rikoda suna tono abin da aka binne, sun nufo makarantarka, kada ka firgita. Ni Malam Uwaisu, hedimastan firamaren Ɗinyar Mati da ke bayan Zakirai, na gwada wannan hanya da kaina a shekarar da mudun gero ya fi ƙarfin mai albashi, kuma ta ci. Ka bi matakan nan daki-daki, na ba ka tabbacin baƙuwarka za ta koma birni da rikoda cike da godiya, babu ƙorafi ko na magani.

Mataki na ɗaya: Gano wanda ya kira ta

'Yar rediyo ba ta faɗowa daga sama, wani ne ya yafito ta. A wurinmu Malama Maijidda ce, malamata ɗaya tilo. Shekara uku ke nan da iska ta kwashe kwanon ajujuwanmu uku, ta bar mu muna kallon shirwa muna karatu. Malama ta rubuta wa ofishin ilimi wasiƙa bakwai, ta takwas ta aika gidan rediyo. Burinta ɗaya ne, a rufa ajujuwan kafin damina, don da hadari ya haɗu karatu ya tashi ke nan sai kaka.

Kira ta gefe ka yi mata nasiha. Ni da na kira tawa, cewa ta yi, "Malam, laifi ne in faɗa cewa ruwa yana dukan yara?"

Na ce, "Ba laifi ba ne, Malama, amma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Yau duk Kano ta ji, gobe takardar tuhuma ta zo daga ofis, jibi maƙwabtanmu mutanen Unguwar Gawo su tare mu a kasuwa da dariya."

Idan nasiha ba ta shiga ba, kamar yadda tawa ba ta shiga ba, aike ta ofis karɓo alli a ranar da baƙuwa za ta zo. Ba za a ba ta ba, amma za ta wuni.

Mataki na biyu: Sauya wa makaranta mazauni

Masu saurare ba sa gani, amma mai riƙe da rikodar tana da idanu biyu, kuma gani ya kori ji. Don haka nemo gini mai rufi. A nan tsadar rayuwa za ta yi maka rana. Ɗakin ajiyar taki na ƙungiyar manomanmu shekara biyu bai ga buhu ko ɗaya ba, ga kwanonsa lafiya lau. Tumɓuke allon sunan makaranta ka kafa a ƙofarsa. Aro benci huɗu wurin mai shayi, shida a gidan kallon ƙwallo. Tsohuwar makarantar kuwa ka sa a ɗaure awaki a ciki, duk wanda ya hango zai ɗauka kango ne. Ba ma sai ka wahala ba, da ma ta yi kama da kangon.

Mataki na uku: Kawar da tarihi daga gari

Masu irin wannan shiri suna son tsofaffi kamar yadda ƙuda yake son mangwaro. Kowane gari yana da tsoho guda da bai iya mantuwa ba. Namu Baba Dabo ne. Da kansa ya ɗauki tubali a aikin gayyar da aka gina makarantar, yana sane da ranar da iska ta yaye kwanon, da sunan duk wanda ya zo da babbar riga ya yi alkawari.

Kada ka ce masa ya yi shiru, ƙara masa murya za ka yi. Ba shi akuya ka roƙe shi ya kai maka kasuwar Zakirai, ka yanka masa farashin da ko mahaukaci ba zai taya ba. Baba Dabo ya dawo bayan magariba da akuyar, yana cewa mutanen yanzu ba su san dabba ba.

Mataki na huɗu: Kada ka koya wa kowa ƙarya

Ka ji tsoron Allah, kai malami ne. Ba ka bukatar ƙarya, tarbiyya ta ishe ka. Mutuminmu ko a gadon asibiti yake, ka ce masa ya jiki, da sauƙi zai ce. Ka ce ya gida, lafiya lau, ko da daren jiya ba a ɗora tukunya ba. Abin da za ka yi kawai shi ne ka tuna wa iyaye da yara cewa wannan baƙuwa ce, kuma ba a tarar baƙo da kuka. Duk tambayar da ta yi, a amsa mata kamar gaisuwa.

Idan malamai sun yi ƙaranci, ari Kamilu mai cajin waya ka sa masa tabarau. Yana da Turancin da zai kai minti huɗu.

Mataki na biyar: Ciyar da ita, sannan ka daure

Tamu sunanta Rahmatu, siririya, mai yawan yin shiru bayan an ba ta amsa. Wannan shirun shi ne tarkon, kada ka cika shi. Fara da fura mai sanyi, ka bi da zabuwa. Na san halin da ake ciki, ni ma zabuwar da nake tanadi don Sallah na yanka, har yau uwargida ba ta yafe ba.

Rahmatu ta ci kaɗan, ta kunna rikoda, ta zagaya. Iyaye suka ce alhamdu lillahi. Yara suka ce alhamdu lillahi da ƙarfi, har kwanon ɗakin taki ya amsa. Sai ta juyo gare ni.

"Malam, kamar ina jin warin taki."

"Darasin noma muke ba wa muhimmanci, Hajiya."

"Wadda ta rubuto mana ta ce babu rufi."

Na ɗaga kai sama, ita ma ta ɗaga. Na ce, "To, ga shi dai."

Ta ɗana tarkon shirun nan nata, na ƙi cika shi. Sannan ta rubuta lambarta a 'yar takarda ta miƙo mini, ta ce, "Rikodata abin da aka faɗa mata take ɗauka, Malam. Idan akwai abin da ba a faɗa ba, ga ni." Karɓi takardar da hannu biyu, ka cusa a hula, ka raka ta har bakin mota.

Mataki na shida: Ci ribar wahalarka

Ranar da za a sa shirin, shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan mai gari, a tara jama'a. Mun ji hedimastan Unguwar Gawo, babban mutum da gemunsa, yana lissafa wa duniya tsiyarsu: ba rufi, ba benci, ba rijiya. Har muryarsa ta karye. Muka yi dariya har da riƙe ciki, muka ce wannan ya zubar da mutuncin garinsu. Da aka zo kanmu, Rahmatu jimla ɗaya ta yi: "A Ɗinyar Mati kuwa, duk wanda muka tambaya ya ce ba su da matsala." Sai muryoyin yaranmu, alhamdu lillahi. Wallahi na ji daɗi, har daga ofis aka bugo aka yaba mini. Malama Maijidda ce kaɗai ta tashi ta tafi ba sallama.

Mataki na bakwai: Nuna wa mota hanya

Bayan wata biyu, ana gab da shuka, wata babbar mota za ta tsaya a bakin makarantarka, ta ainihin, shaƙe da sabon kwano da katako. Kada ka yi saurin gyara hula kamar yadda na yi. Direban ya leƙo ya ce, "Baba, ina hanyar Unguwar Gawo? Wata ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ce ta ji shirin rediyo, ta ce a rufa wa duk makarantun da suka koka."

Ya dubi ajujuwanmu, ya ce, "Ikon Allah! Ku ba a zo muku ba ne?"

Baba Dabo, da yake zaune a gindin ɗinya, ya riga ni amsawa: "An zo, ɗana. Ni ina kasuwa da akuya."

Nuna masa hanya da kyau, ka ce ya bi ta bayan rijiya don yashi. Malama Maijidda ta tsaya a ƙofar aji uku da alli a hannu tana kallon motar har ta ɓace. Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Cewa kawai ta yi, "Malam, mutuncin gari ya tsira. Sai a faɗa wa hadari." A nan kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba tun da na fara aiki.

A wannan yammacin ka ciro takardar daga hula. Da na buga, Rahmatu ba ta yi mamaki ba. Ta ce kwanon ƙungiya ya ƙare, ita kuma sai bayan damina za ta samu zagayowa. Sannan ta tambaya, "Malam, in na zo, ɗakin taki zan nufa ko makarantar?"

Gargaɗi

Na yi alkawarin hanyar nan za ta ci, kuma ta ci, don haka babu wanda zai kama ni da ƙarya. Abin da ya biyo baya kuwa, ko jiƙewar littattafai ne, ko murar yara, ko gaisuwar da mutanen Unguwar Gawo suke yi maka yanzu cikin tausayi, babu ruwan Malam Uwaisu. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Mai ƙorafi kada ya neme ni a ofis idan hadari ya haɗu. Ina aji uku, Malama Maijidda tana rubutu, ni ina riƙe wa allo lema.