Nazifi da Baƙin Allo a Gaban Baffa

Ina da wani aboki, Nazifi, sana'arsa haɗa manhajar kwamfuta. Ilimi kam akwai shi, ba a cewa komai, amma sanin yadda ake zama da mutane, wannan Allah bai ba shi ko kaɗan ba. Babban abin alfaharinsa a duniya wata 'yar manhaja ce da ya haɗa da kansa, ya sa mata suna Cafke. Ba hoto, ba launi, cikin baƙin allon nan take aiki, wanda 'yan kwamfuta ke kira taminal, inda komai sai ka buga shi da rubutu. Da wani tunani ya faɗo masa sai ya buga "cafke", ya bi da abin da ya zo masa, ya danna maɓalli, shi ke nan an adana. Wai kafin mutum ya lalubo biro da takarda tunani ya tsere. Kuna cikin cin abinci sai ya lashe yatsa ya hau bugawa. Ka kai masa kukanka, yana ce maka "uhum, uhum" yana cafkewa. Mu dai mun gaji da magana, mun sallama shi.

Ana nan sai Nazifi ya ga yarinya yana so, Rumasa'u, a unguwar Gwammaja. Ita ma ta amince, abin da har gobe yake ba ni mamaki. Saura abu guda. Yayan mahaifinta, Baffa Tanimu, shi ke ba da aure a gidan, kuma ya ce ba mai turo magabata sai ya fara ganin yaro da idonsa. Tsohon hedimasta ne, samarin da ya sallama daga zaurensa ba ɗaya ba ne ba biyu ba. In ya ce a'a, magana ta mutu.

Ni aka ɗora wa rakiya, saboda haka tun da safe na ja masa kunne. Na ce, "Ka durƙusa, ka sunkuyar da kai, abin da aka tambaye ka shi kaɗai za ka amsa. Kuma don girman Allah ka bar jakar kwamfutar nan a gida."

Ya ce to. Da la'asar muka haɗu a bakin titi, sai na ga bayansa ya yi tudu a ƙarƙashin babbar riga kamar mai ƙusumbi. Ashe goya jakar ya yi ya ɗora riga a kai. Raina ya ɓaci, amma lokaci ya ƙure.

Da farko abu ya tafi daidai. Muka gaisa, muka zauna a gefen tabarma. Baffa ya tambayi sunan mahaifinsa da unguwarsu, Nazifi ya amsa da ladabi, har na fara cewa a raina yau Allah ya rufa asiri. Daga nan Baffa ya gyara zama ya shiga nasiha kan haƙuri da riƙon amanar 'yar mutane. Nasihar ta ɗan yi tsawo, ba zan ɓoye ba, amma wa ya taɓa mutuwa don ya saurari surukinsa?

Can sai na ji motsi kusa da ni. Na saci kallo, na ga idon Nazifi ya yi wal, irin hasken da na sani. Na mintsine shi. Ina! Mutumin ya riga ya zura hannu cikin riga, ya zaro kwamfuta, ya ɗora a cinya. Ƙwas ƙwas ƙwas. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Baffa ya katse nasihar, ya bar shi har ya gama. Sannan ya ce, "Samari, lafiya? Ko daga wurin aiki ake nemanka?"

"A'a Baffa, lafiya lau. Wani tunani ne ya zo mini, na ce bari in cafke shi kafin ya gudu."

"Ikon Allah. Wane irin tunani ne haka mai gudu?"

Na sake mintsininsa, wannan karon da farce. Ko gezau bai yi ba.

"Manhaja ce, Baffa, wadda in mutum yana magana ta yi tsawo, sai ta taƙaita maka ita a layi biyu."

Baffa ya dube ni, ni kuwa na duƙufa ƙirga zaren tabarma. Ya ce, "Madalla. Kuma duk tunanin da ya zo maka, cikin abin nan kake zubawa?"

Nazifi ya ga kamar an yaba. Ya matso, har da juya wa Baffa allon ya gani, baki har kunne.

"Duka, Baffa! Ai amfaninta ke nan. Da ya zo sai in juye shi a nan in huta. Ni ba na barin ko guda ɗaya ya kwana a kaina."

Baffa ya jinjina kai, ya miƙa hannu ya jawo takalminsa, alamar zama ya ƙare.

"Ai kuwa mun ga alama. Tashi ka je, yaro. In ya so ka bar mana kwamfutar mu yi maganar auren da ita, tunda hankalin yana wurinta."