Yadda Za Ka Ƙwace Maganar Matarka Ka Miƙa Wa Mataccen Bagirke

Ranar wata Laraba, shekara goma sha tara da suka wuce, na wanke tsohon sulen azurfa da toka da lemun tsami. A ranar na kashe darajar sulen. A ranar kuma aka haifi maganar da yau take rataye a bangon ƙungiyarmu ta masu tara tsofaffin kuɗi, da sunan wani mutum a ƙarƙashinta wanda bai taɓa zuwa duniya ba. Ni na yi masa wannan hidima. Shekara talatin da ɗaya na yi ina aiki a ɗakin karatu, na san yadda ake ɗinka wa ƙarya riga ta shiga cikin manya. Bi matakan nan, na ba ka tabbacin nasara. Duk wanda na san ya bi su ya dace, ko da yake ni kaɗai na taɓa bin su.

Mataki na ɗaya: Yi wauta a gaban mace mai hankali

Magana mai kyau sai an yi ɓarna take fitowa. Ɗauko mafi tsufa a cikin kuɗinka, wanda shekaru suka mayar baƙi, ka zauna a tsakar gida ka dirje shi har ya yi ƙyalli kamar murfin kwalba. Duk mai wannan sha'awa ya san baƙin nan shi ne darajar abin. Kai ma ka sani, ka karanta a littafi uku, amma ƙyale hannunka ya riga kanka.

Matata tana shanya a igiya. Ta leƙo ta kafaɗata, ta ce, "Malam, tsohon kuɗi ba a yi masa wanka. Dattin nan shekarunsa ne. Ka wanke shekarun, ka bar ƙarfe." Ta koma kan shanyarta.

Kada ka gode mata. Tambaye ta me ta sani game da kuɗin da ba a cefane da su.

Mataki na biyu: Kai maganar taro, ka bar mai ita a gida

Asabar ta farko a kowane wata muke haɗuwa a ɗakin bayan shagon mai gyaran agogo. Benci biyu, fanka mai tari, tebur da aka shimfiɗa wa koren ƙyalle, da maza goma sha ɗaya, kowa da madubin ƙara girma a aljihu. Jira sai wani sabon shiga ya zube kwabbansa a kan teburin, duk ya goge su fes yana jiran yabo. Ka yi ajiyar zuciya, ka saki maganar a hankali, kamar ka daɗe kana ɗauke da ita.

Shugabanmu, tsohon mai shagon magani ne, zai cire tabarau ya tambaye ka maganar wa ce. Nan ne jarrabawar. Mazan nan rabin hirarsu ƙorafi ne a kan matan da ke kiran tarinsu tarkace. In ka ce matarka ce ta faɗa tana riƙe da jiƙaƙƙen zane, za su yi dariya har fankar ta ji kunya, kuma dole a tambayi wanda ya yi wa kuɗi wankan. Yi gyaran murya ka ce wani mai hikima ne na ƙasar Girka.

Mataki na uku: Raɗa masa suna, ka ƙona littafinsa

Sakatare zai so ya buga maganar a 'yar mujallar ƙungiya, zai nemi madogara. Kada ka firgita. Ƙirƙiro suna mai wuyar faɗa, irin wanda mutum zai gwammace ya gyaɗa kai da ya maimaita. Ka ce ya rayu tun kafin a san agogo, kuma littafinsa ya ƙone a wata gobara, sai gutsuren da wasu suka ruwaito. Littafin da ya ƙone ba mai zuwa aronsa. Ka sa hannu a ƙasa, ka rubuta matsayinka na ma'aikacin ɗakin karatu.

Ga wata hikima kyauta: mutum ba ya binciken abin da ya ƙara masa girma. Gara a ce sha'awarka ta dami masanan dā, da a ce kai dattijo ne mai wasa da aninai.

Mataki na huɗu: Sakar masa mara

Daga nan aikinka ya ƙare, zai yi kiwon kansa. Cikin shekara biyar Bagirkena ya tsirar da gemu, ya makance a ƙarshen rayuwarsa, har an gano yana gane kuɗin jabu da harshe. Sakatare ya ɗora masa wasu maganganu huɗu, biyu daga ciki na ji su a bakin surukin Sakataren. Wata ƙungiya ta rubuto mana cewa ba Bagirke ba ne, wani sarkin Sin ne, aka yi shekara guda ana musayar wasiƙu masu zafi. Shugaba ya rantse tun yana makaranta malaminsu ke karanto musu maganar. Ban ƙaryata shi ba. Ba a ƙaryata mutum a kan kayan da kai ka sato.

Mataki na biyar: In ta gani, yi alkawari

Za ta gani. Tawa tana shimfiɗa tsofaffin takardu a cikin durowa ta ci karo da mujallar. Ta karanta a tsaye, ta sake karantawa, sannan ta dube ni ta saman takardar.

"Malam, Bagirken nan naku, a igiyar wa yake shanya?"

Na ce kuskuren Sakatare ne, zan gyara a taro mai zuwa. Ta ninke mujallar ta shimfiɗa a durowar, ta jera cokula a kai. Ta ce, "Bar masa, bawan Allah. Da alama ita kaɗai gare shi."

Ba ta sake tayar da zancen ba. Sai dai duk Asabar ɗin taro, in na ɗauki hula, takan ce in gaishe da mutumin nata. Ka yi dariya, ka ce taro mai zuwa. Ni na yi shekara goma sha ɗaya ina da taro mai zuwa.

Mataki na shida: Faɗi gaskiya bayan ta daina amfani

Ta rasu da damina, bayan jinyar kwana tara. Da na koma taro bayan wata biyu, na tarar an zana maganar a allon tagulla an kafa a bango, sama da agogon da ba ya tafiya. Na miƙe na faɗi komai: sulen, tokar, igiyar shanya, sunan da na ƙirƙira a kan hanyar dawowa daga aiki.

Shugaba ya saurara har ƙarshe. Ya buɗe jakarsa ya zaro tsohuwar mujallar, ya ɗora yatsa a kan sa hannuna. Ya ce, "Ga hujja a rubuce, daga ma'aikacin ɗakin karatu. Ita marigayiya, Allah ya jiƙanta, a wane littafi ta faɗa?"

Sakatare ya raɗa wa na kusa da shi cewa rashi yakan taɓa mutum haka, a yi mini uzuri. Aka kaɗa ƙuri'a don a mutunta ni. Goma da ɗaya. Mai gyaran agogo ya raka ni har bakin titi, ya dafa kafaɗata, ya ce in yi haƙuri, ai Bagirken ma ya faɗi wata magana a kan haƙuri.

Ka ga ingancin aiki ke nan. Ƙaryar da ta ƙi mutuwa ko a hannun mai ita, ita ake kira madogara.

Mataki na bakwai: Ajiye sulen

Kada ka yar. Nawa yana cikin durowar cokula, a kan mujallar, inda ta shimfiɗa ta. Ya fara yin baƙi daga gefe. Ban taɓa shi ba.

Gargaɗi

Marubucin wannan jagora ba shi da alhakin abin da zai biyo baya. In ka bi matakan nan ka sami girma a taro, naka ne. In gidanka ya yi shiru, igiya ta zauna ba kaya, ka ɗauki hula ranar Asabar ka tsaya a bakin ƙofa kana jiran a ba ka saƙon gaisuwa, kada ka neme ni. Ka kai ƙara wurin Bagirke, shi ke da allon tagulla.

A rana ta takwas a asibiti matata ta tambaye ni ko akwai abin da nake son faɗa, don ta ga bakina yana motsi. Na ce lokacin shan magani ya yi. Abin da ke bakina kuwa bai kai tsawon maganarta ba, kuma ba ya bukatar madogara: ke kika faɗa, kuma daidai kika faɗa.