Foyintar da Na Bari Fanko

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin nan a garin Sara ba, kuma tun yanzu in faɗa: laifina ne.

Ni da Rabi'u, abokin karatuna a shagon koyon kwamfuta na Birnin Kudu, muka rubuta wa Islamiyyar kawunsa da ke Sara manhajar fitar da sakamakon jarrabawa da harshen kwamfuta na C++. Shi ya roƙo mana aikin, ya tsaya mini a gaban kawun. Ɓangarena shi ne kilas ɗin ɗalibi, wato sashen manhajar da ke ɗauke da bayanan kowane yaro. A ciki na sa foyinta mai wayo, wadda ke riƙe adireshin makin yaro a ƙwaƙwalwar na'ura, ta share shi da kanta in an gama. Na rubuta sunanta, amma ban ba ta abin riƙewa ba a wurin gina kilas ɗin. Rumbu na yi wa jinka, ban zuba hatsi ba.

Rabi'u ya gani, ya ce in cika ta tun a wurin ginin. Na ce ai na'ura ba ta yi ƙorafi ba (wata huɗu kacal da fara koyo, amma ina tafiya kamar ni na ƙera kwamfutar). Da ya sake tambaya a motar Gwaram da za ta kai mu Sara ko na gyara, na ce tuntuni.

Ranar sanar da sakamako, iyaye sun cika tabarmi, janareta na ruri, majigin aro na haska bango. Kawun, Malam Sale, ya ce a nuna wanda ya zo na ɗaya. Na danna, manhaja ta mutu. Na sake, ta sake mutuwa. Wani tsoho ya ce, “Malam, ko ita ma ba ta kawo haddarta ba ne?”

Dariyar ce ta kiɗima ni. Na ɗaga murya na ce ɓangaren Rabi'u ne ya lalace. Malam Sale ya dube shi, ya aika a ɗauko tsohuwar rajista.

Kwana uku na kasa zama wuri ɗaya. Gyaran layi ɗaya ne, minti biyu bai ci ba. Ashe foyinta ta fi ni mutunci: da ba ta da komai, faɗuwa ta yi, ba ta nuna wani ba.

Na koma Sara, na sami Malam Sale da Rabi'u a zaure, na durƙusa.

“Baba, ƙarya na yi. Rabi'u ya gargaɗe ni, na ƙi ji. Rabi'u, ka yafe mini.”